Tsintuwar rafi: ƙashi ne, dutse ne, ko aikin hannun mutanen da?

Wasiƙu uku suka zo mini wannan watan a kan abu ɗaya, alhali masu su ba su san juna ba. Ban yi mamaki ba, lokacinsa ne. Daga Fabrairu zuwa farkon Afrilu ƙananan rafuka kan ƙafe su bar cikinsu a buɗe, mai tafiya yana kallon ƙasa kuwa ba ya rasa abin tsinta. Na rage tsawon wasiƙun saboda fili.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ni ɗalibi ne, ina zaune a Unguwar Rogo, nan Jos. Ran Asabar ni da abokina muka bi wani rafi da ya ƙafe can bayan Naraguta, muna tafe muna duba tsakuwa, saboda na sha kallon bidiyon ƙasusuwan dainoso, manyan dabbobin nan na zamanin da, da ake tonowa a Nijar. Na dawo da abu uku. Na ɗaya baƙin dutse ne mai ƙananan ramuka ko'ina a jikinsa, kamar cikin ƙashi. Na biyu haƙori ne babba, tsawonsa ya kai ɗan yatsana, ya rine kamar na mai cin goro. Na uku wani dutse ne da ya cika tafin hannu, gindinsa da kauri, kansa da tsini, gefensa duk a ɓantare. Abokina ya rantse haƙorin na dainoso ne, wai Turawa za su saye shi da miliyoyi, na ukun kuma ya ce in jefar don ba komai ba ne. Ga hotuna nan. Don Allah Baba mece ce gaskiyarsu?

Ɗalibi, Unguwar Rogo, Jos

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya yi maka albarka. Kafin komai, kada ka jefar da na ukun nan. Nemi tsumma mai tsabta ka naɗe shi ka ajiye, sannan ka dawo mu yi magana.

Abin da ka fita nema shi ne masana ke kira fosil, wato ragowar wata halitta, ƙashi ko haƙori ko ƙwanso ko itace, da ƙasa ta binne tun zamani mai nisa har ta mai da shi dutse. Ba kowane mushe ke samun wannan rabo ba. Sai dabbar da ta mutu a bakin ruwa ko a cikinsa, laka ta rufe ta da wuri kafin kura da ungulu su gama da ita. Laka ta hau kan laka, nauyi ya danne, ruwan da ke tsatsafowa ta cikin ƙasa ya riƙa shiga 'yan ƙofofin ƙashin yana ajiye ma'adinai kaɗan-kaɗan, har ƙashi ya yi nauyi da tauri irin na dutse. Ka ga ke nan ba a kowane dutse ake samunsa ba, sai wanda asalinsa laka ne ko yashi ko ƙasan teku. Irin wannan, in ka je inda rafi ya yanke shi, za ka gan shi hawa-hawa kamar an jibge tabarmi.

To, namu na Jos ba haka aka yi shi ba. Duwatsun Shere da yawancin waɗanda suka kewaye Jos da Bukuru giranit ne, narkakken dutse da ya taso daga can ƙasa ya huce, yau sama da shekara miliyan 150. Daga jikinsa kuza ta fito, wadda ta tara iyayenmu a garin nan. Baƙaƙen duwatsun da ke warwatse a wasu gonaki kuwa aman wuta ne. In ka taɓa bin hanyar Mangu zuwa Panyam da Kerang ka ga tuddan da suka yi aman, suna nan tsaye. Abin da ya fito daga wuta ba ya riƙe ƙashi. Waɗanda ka gani a bidiyo daga hamadar yankin Agadas aka tono su, musamman wani wuri da ake kira Gadufawa, inda dutsen yashi ne na tsofaffin koguna mai shekara wajen miliyan 110. Can aka sami kada da tsawonsa ya kai mita 9 ko fiye. Mai son ganin irin ƙasusuwan da idonsa, akwai su a gidan tarihi na ƙasa da ke Yamai.

Dutsenka na farko ɗan wuta ne. Lokacin da narkakken dutse ke hucewa a sarari, iskar da ke cikinsa tana neman fita, sai ta bar ramuka, daidai yadda waina ke yin ido a tanda. Duba ramukan da kyau. Kowanne a zagaye yake, yana zaman kansa, kuma haka suke ciki da waje. Ƙashi ba haka yake ba. Ranar da aka dafa ƙashin saniya a gidanku ka fasa ɗaya ka gani: bayansa sumul ne mai tauri, saƙar daga ciki take, zare-zare masu haɗe da juna. Abu ɗaya da kan yi kama da dutsen nan naka shi ne kashin maƙera, abin da ke saura in an narka tama. Shi yakan yi ƙyalli kamar gilashi a wani gefe, da alamar ya kwarara kafin ya daskare. Ban ga wannan a hotonka ba.

Haƙorin kuwa haƙori ne na gaske, amma ka ba abokinka haƙuri, na saniya ne. Juyo saman da ake tauna da shi, za ka ga lanƙwasa kamar jinjirin wata, biyu nan biyu can. Wannan tambarin masu tuƙa ne, shanu da tumaki da awaki da barewa. Na jaki da doki dogo ne mai kusurwa huɗu, zanensa a cukurkuɗe. Na dainoso mai cin nama kuwa kamar wuƙa yake, da 'yan tsage-tsage a gefe irin na zarto. Launi kuma ba ya nuna tsufa. Ruwan da ya ratsa jar ƙasa da marmara yana ɗauke da tsatsar ƙarfe, cikin 'yan shekaru sai ya rina ƙashi, rafukan wajen nan kuwa mashayar shanu ne tun kafin a haife ni.

In kana so ka tabbatar da kanka, sa allura a wuta ta yi ja, ka dangwala a saiwar haƙorin. In ka ji ƙauri irin na babbakar kai da ƙafa ran Sallah, to sabo ne, har yanzu da sauran abin ƙonewa a cikinsa. Wanda ya zama dutse ba ya ƙauri, nauyinsa ya fi girmansa, in ka ƙwanƙwasa shi da cokali kuma yakan yi ƙara kamar tangaran. Za ka ji wasu na cewa a ɗora a harshe, ƙashi na mannewa, dutse ba ya mannewa. Da gaskiya a ciki, amma ban yarda ka kai abin da ka tsinta a rafin kusa da gari bakinka ba. Jiƙa yatsa ka taɓa, ya isa.

Yanzu na ukun. Na daɗe ina kallon hoton nan. Ɓantarewar da ke gefensa ba aikin rafi ba ce. Rafi in ya mirgina dutse goge shi yake yi, ya cinye kaifinsa ya mai da shi kamar ƙwai. In ma ya fasa shi, fashewar ɗaya ce ko biyu, ba tsari. Naka kuwa an ɓantare shi ta fuska biyu, kowane gurbi kamar an kwashe da cokali, ɗaya na bin ɗaya har suka haɗu suka yi baki mai kaifi, aka bar gindin da kauri inda hannu zai riƙe. Ɗauke shi ka ji yadda ya zauna a tafinka. Ina kyautata zaton gatarin hannu ne na mutanen zamanin dutse, kuma masu irin wannan ƙira shekarunsu sun haura dubu 100. Ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. A Mai Idon Toro, nan kan tudun Jos, aikin kuza ya fito da irinsu da yawa, haka ma a Nok, wani ƙauye a kudancin Kaduna.

Bari in gaya maka abin da ya sa na yi saurin cewa kada ka jefar. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya yi leburanci a filin kuza wajen Barikin Ladi, yana ɗaukar kwanon sarki daga rami zuwa inda ake wanki. Wata rana ya dawo da wani baƙin dutse a aljihu, tsawonsa bai wuce rabin taƙi ba, an goge shi sumul kamar sabulu, bakinsa kamar na gizago. Kakata na ganinsa ta ce gatarin aradu ne, ta karɓe ta sa a wata 'yar tukunya a ƙarƙashin gadonta. Haka mutanenmu suka ɗauka, cewa tsawa ce ke jefo shi in ta faɗi. Ni kuwa in ta tafi unguwa sai in ciro shi in ɗora a kumatu don sanyinsa. Har yau ina tuna wani ɗan tabo a gefen bakinsa, inda farcena ke tsayawa. Sai da aka kai mu gidan tarihi na Jos muna firamare na ga 'yan'uwansa jere a bayan gilashi, malaminmu ya ce mutane ne irinmu suka wasa su, suka sa musu ƙota suka sari itace. Ranar ce ta sa na ƙare shekarun aikina ina bin masu binciken ma'adinai da guduma da jakar samfur. Irin na kakata, gogaggen nan, ya fi naka ƙuruciya nesa ba kusa ba, shekarunsa 'yan dubbai ne.

Bayan rasuwar mahaifina, ina wajen aiki, wani mai sayen kayan da ya biyo gida-gida, aka ba shi gatarin a kan kuɗin da bai kai na mudun gero ba. Ba kuɗin ke ci mini rai ba. Abin da ke damuna shi ne ban taɓa zaunar da tsohon na tambaye shi daga wane rami ya ciro shi ba, a zurfin ƙafa nawa, a cikin wace irin ƙasa. Shi kaɗai ya sani, ya tafi da saninsa.

Gidan tarihin nan kansa daga irin wannan tsintuwa ya samo asali. A 1928 aikin kuza ya tono wani ɗan kai na yumɓu a Nok. A 1943 aka kawo wani kan na yumɓu zuwa Jos daga wajen Jama'a, wanda wani ma'aikacin kuza ya kafa a gonar doyarsa a matsayin mutum-mutumi. Bernard Fagg, jami'in mulkin Turawa da ya karanci ilimin kayan tarihi, ya gan shi ya lura ya yi kama da na farko, ya shiga bin filayen kuza yana roƙon ma'aikata su daina yar da abin da suka tono. A 1952 aka buɗe gidan tarihin Jos. Da ba a san inda kowane kai ya fito ba, da ba wanda zai iya haɗa su ya ce al'umma ɗaya ce ta yi su, wadda yau ake kira mutanen Nok.

Saboda haka ga abin da nake so ka yi cikin satin nan, kafin ruwan farko ya sauya fuskar rafin. Koma inda ka tsince shi, ka ɗauki hoton wurin daga nesa da kusa, ka buɗe taswirar wayarka ka adana daidai inda kake tsaye. Rubuta ranar a takarda, da ko a kan tsakuwa yake kwance ko daga jikin gaɓa ya leƙo. Kada ka yi tono. Kada ka goge shi da burushin ƙarfe, kada ka gwada kaifinsa a jikin wani dutse. Sannan ka kai shi gidan tarihi, nan kusa da gidan zu, ka nemi ma'aikatan su duba. Su da za su riƙe shi a hannu sun fi ni mai kallon hoto tabbaci. Batun sayarwa kuwa cire shi a ranka. Dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta hana sayar da kayan tarihi ga kowa in ba wakilin da aka amince da shi ba, ta kuma hana fita da su waje ba izini.

TAMBAYA: Baba ina wuni. Ni malama ce a wata firamare a Kubwa. Yaran ajina sun kawo mini wani ƙaramin falalen dutse da suka tsinta a gefen kogin Usuma, a jikinsa akwai hoton ganye baƙi mai rassa siri-siri, kyakkyawa ƙwarai. Na ce musu wataƙila tsiro ne na zamanin da ya zama dutse, amma ina tsoron kada in koya musu abin da ba shi ba. Kuma ina so in fita da su rafi su yi nema da kansu. Wace shawara za ka ba ni?

Malama, Kubwa, Abuja

AMSA: Lafiya lau Malama, sannu da ƙoƙari. Ba ganye ba ne, kuma ba ke kaɗai ya taɓa ruɗawa ba, har ɗaliban jami'a yakan ruɗa a shekararsu ta farko. Ruwa ne mai ɗauke da wani ma'adini da ake kira manganis ya kutsa cikin siririyar tsaga a dutsen, ma'adinin ya yi ta yaɗuwa yana rassa kamar zanen lalle a hannun amarya. Ki sa yaran su duba da kansu. Ganyen gaske yana da jijiya a tsakiya, yana da baki da ya kewaye shi. Wannan kuwa rassa ne kawai suna haifar ƙananan rassa har su ɓace, ba shi da kauri ko kaɗan, kamar an zana da tawada. Dutsen da yake kai ma shaida ne. Duwatsun Abuja da kewaye, su Aso da Zuma da waɗanda Usuma ke ratsawa a wajen Bwari da Kubwa, sun haura shekara miliyan 500. Sun riga tsiro mai ganye zuwa doron ƙasa. Sai kin gangara wajen Abaji, hanyar Lakwaja, kafin ki fara ganin dutsen yashi mai hawa-hawa. Ki gaya wa yaran kin bincika ga abin da kika gano, dutsen kuma ki bar shi a aji.

Fita da su ina goyon baya, ko da ba za su sami fosil ba. Ki nuna musu yadda ruwa ke rarrabe kayansa kamar mai tankaɗen gari: manyan duwatsu inda yake da ƙarfi, tsakuwa a cikin kwana da bayan manyan duwatsu, yashi mai laushi inda ya gaji. A tarin tsakuwar nan ake nema, da safe ko da la'asar, lokacin da rana ke kwance tana fito da inuwar kowane abu. Da tsakar rana komai fari yake komawa. Duk abin da ke cikin rafi baƙo ne, daga sama aka kawo shi. In ya mulmule ya yi tafiya mai nisa, in yana da kaifi gidansu na kusa, sai a bi rafin sama a nemi gaɓar da ya ɓallo. Kayan aikinku ba su da tsada: ƙusa, maganaɗisu, tsohuwar kwalba, ɗan ruwan kal, da littafin rubutu. Farin dutsen da ya karce kwalba, ƙusa kuma ta kasa karce shi, dutsen ƙanƙara ne. Baƙin yashin da ya manne wa maganaɗisu da ƙarfe a cikinsa. In kuma suka tsinci tsingaro mai zane ko kashin maƙera, ki rubuta wurin, domin a Taruga, ba nisa da Abuja, aka tono murahun narka ƙarfe na mutanen Nok da suka haura shekara 2,000.

Amma Malama, ki ji wannan da kyau. Busasshen rafi ba abin amincewa ba ne da zarar hadari ya fara haɗuwa. Ruwa na iya sauka a kan tudu can nesa, ke kina cikin rana, ya iso miki ba sallama. Ya taɓa ritsa mu a wani kwazazzabo a ƙarshen Afrilu. Abin da muka fara ji wani gurnani ne kamar babbar mota na tahowa, sai iska mai sanyi da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Muka bar jakunkuna muka kama saiwoyi muka haye. Kafin mu juyo, jan ruwa ya shafe inda muke tsaye, da itatuwa a kansa. Mu mutanen Jos kuma ba mu manta da daren nan na Yulin 2012 ba, da ruwa ya ci gidaje da rayuka a Rikkos da Gangare. Ki fita da su tsakanin Disamba da farkon Maris, da manya biyu ko uku, kowa da rufaffen takalmi. Kada yaro ya sa hannu ƙarƙashin dutse, a juya shi da sanda saboda kunama da kububuwa. A nemi izinin iyaye, a kuma gaisa da mai unguwar wurin.

TAMBAYA: Salam Malam. Ni direban tirela ne, gidana na Bukuru, ina ɗauko siminti daga Ashaka. Wani yaro a Bajoga ya ba ni wani dutse a nannaɗe kamar ƙahon rago, girmansa kamar murfin ƙaramin kwano, mai nauyi, ruwan toka. Yarana suna wasa da shi, amma uwargida ta ce in fitar mata da shi daga gida, ba ta yarda da shi ba, kada ya zama na iskoki ne. Wani kuma ya ce in sayar masa. Shin mene ne?

Direba, Bukuru

AMSA: Ɗan'uwa, a cikin ku ukun kai ne ke riƙe da fosil na gaske. Sunansa amonait, ƙwanson wata dabbar teku ne. Ka gaishe da uwargida, ka ce ta kwantar da hankalinta. Halittar Allah ce kamar katantanwa da kumbar da ake tsinta a bakin kogi, sai dai ita ta daɗe a ƙasa har ta zama dutse. Ba dodon koɗi ba ne, ko da yake sun yi kama. Cikin ƙwanson ɗaki-ɗaki ne. Dabbar tana zaune a ɗakin ƙarshe na baki, ɗakunan da ta bari a baya tana girma kuma suna riƙe da iska da ɗan ruwa, su ke hana ta nutsewa. Irinsu sun ƙare ƙaf shekara miliyan 66 da suka wuce, lokaci ɗaya da dainoso.

Za ka ce me ya kawo teku Gombe. Lokacin da nahiyar Amurka ta Kudu ke rabuwa da Afirka, ƙasa ta tsage ta yi wani dogon kwari daga wajen bakin teku na yanzu har arewa maso gabas, kwarin da Binuwai ke bi a yau. Ruwan teku ya biyo shi ya shigo, ya mamaye inda Gombe da Bajoga da Pindiga suke, har akwai lokacin da ya haɗe da wani tekun da ya gangaro daga arewa ta inda hamada take yanzu. Shekara miliyan 90 da 'yan kai ke nan. Ƙwanson halittun da suka mutu a ruwan nan da lakar ƙasansa su suka taru suka zama dutsen da ake fasawa a Ashaka ana gasawa a yi siminti. Wato duk lodin da ka hau tudun Jos da shi, ƙasan teku ka ɗauko. Haka abin yake a Sakkwato. Simintin Kalambaina daga dutsen wani teku ne da ya zo daga baya, a wajen Goronyo kuma aka tono ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar teku dangin guza da damo, har masana daga Italiya suka raɗa mata sunan garin a 1972, Goronyosaurus.

Ban manta ranar da na fara ciro irin naka ba, daga jikin gaɓar wani kwazazzabo wajen Pindiga. Rana na dukan ƙeya, ko ruwan alwala babu a kusa, awaki na kiwo a samanmu, ga ni riƙe da abin da ya yi iyo a daidai wurin nan. Na zauna a kan yashi na daɗe ban ce komai ba.

Mai son saye kuwa, kada ka sa rai da wani kuɗi. Amonait na da yawa a duniya, a Maroko da Madagaska tuli ake yi da su ana sayar wa masu yawon buɗe ido. Amfanin naka yana ga sanin inda ya fito, domin siffarsu na sauyawa daga hawa zuwa hawa, masana na gane shekarun dutse da su yadda kake gane shekarar mota daga fitilarta da goshinta. In ka koma Bajoga nemi yaron ka tambaye shi inda ya samo, ka rubuta ka ajiye tare da dutsen. Ka kuma ja masa kunne kada ya shiga ramin fasa dutse, wurin nakiya ne da manyan motoci. Kwazazzabai bayan damina sun ishe shi. In uwargida ta dage a fitar, kada ka yar, kai shi sashen nazarin duwatsu na Jami'ar Jos, ko ka ba makarantar yaranka.

Kafin nan ga abin da za ku yi ranar da kake gida. Ɗiga masa ruwan kal ko lemun tsami a inda ba zai ɓata fuskarsa ba, ku kasa kunne, za ku ji yana 'yar tsuwa yana kumfa, alamar dangin farar ƙasa ne. Sannan ka wanke, ka bar shi a jiƙe ka fito da shi hasken safiya. In bayan ƙwanson ya goge, za ku ga wasu layuka masu lanƙwasa suna ratsa shi daga ciki zuwa waje, ɗaya bayan ɗaya. Nan ne bangon kowane ɗaki ya haɗu da ƙwanso. Sa yaran su ƙirga ɗakunan, ka turo mini adadin tare da hoto, ka ajiye kwalin ashana a gefensa don in gane girmansa.